Arumugam da Sifanar da Ya Ajiye

Wanda ya riƙe amana har ya kasa sakinta, yabonsa za a yi ko zarginsa? Na daɗe ina juya wannan tambaya a kan Arumugam, makanikinmu, kuma ban samu amsa ba.

Kullum da safe yakan jingine kekensa a ƙofar ɗakin bincikenmu da ke kudu da Chennai, ya wanke hannu har gwiwa, ya kasa kunne ga kukan famfon da ke zuƙe iskar injin kafin ya gaida kowa. Injin nan wasu ƙananan ƙwayoyi da ake kira fositiron yake harbawa cikin ƙarfe. Sukan maƙale a ramukan da ido ba ya gani, daga nan masana su gane ko ƙarfen zai jure zafin tukunyar nukiliya. Shatin yatsa guda a cikin bututun injin ya isa ya ɓata aikin wata.

Arumugam, kai ne ka kwashe famfunan zuwa bene da ruwa ya ci gari, alhali gidanka ma yana cikin ruwa. Kai ne ɗalibai ke mantawa da sunanka a shafin godiya, ka ci gaba da kai musu kofi.

Sai dai bai taɓa barin kowa ya buɗe bututun ba. Malarkodi, abokiyar aikinsa, ta yi furfura tana jira.

"Yaya, in ka yi ritaya, da kai za mu tura injin ƙauye?"

"Ke fara daina shafa man kwakwa a ka tukuna."

Aka yi dariya, amma kowa ya san in ya tafi da abin da ke kansa, injin ya mutu.

Bikin Ayuda Puja ya faɗo a makonsa na ƙarshe a aiki, ranar da ma'aikaci ke ajiye kayan aikinsa, a yi musu ado da furanni, washegari kowa ya ɗauki nasa. Mun gode, Arumugam. Masu riƙe da wani aiki, ku dubi abin da ya yi da safen washegarin bikin.

Kowa ya ɗauki nasa, saura sifanarsa ta buɗe bututun. Ya daɗe a tsaye, hannuwa a baya.

"Yaya, ka manta taka," in ji Malarkodi.

"Ban manta ba. Je ki wanke hannu. Har gwiwa."