Ƙarfen da Kalilu Ya Ƙi Bugawa

"Bakwai fa, Baba Kalilu," in ji Malama Saudatu, tana duba rajista. "Mutum ɗari huɗu da sha biyu ke rubuce nan, ga hantsi ya ɗaga, bakwai kaɗai sunka jefa ƙuri'a. Ga ƙarfe can rataye. Ka buga shi mana su fito."

"Ba ni buga shi, ɗiyata."

"Ba kai ne mai shelar gari ba?"

"Ni ne. Shi ya sa ba ni buga shi."

Malama Saudatu malamar makaranta ce daga Isa, an turo ta ta kula da akwatin zaɓen ƙaramar hukuma a Tungar Maijidda, wani ƙauye gaba da Tozai. Ba ta san labarin ƙarfen ba.

Tsohon ƙarfen ƙafar mota ne, rataye a reshen tsamiyar tsakiyar gari. Kalilu ya gaji shela wurin mahaifinsa, ya yi shekara talatin yana buga shi: in an ga wata, in masu rigakafi sun zo, in akuyar wani ta ɓata. Ranar zaɓe kuwa shi ke share gindin tsamiya, ya ɗauko tebur daga makaranta bisa kansa. Bai taɓa shiga jam'iyya ba. Shekara uku da suka wuce, 'yan bindiga suka shigo bisa babura da hantsi, suka kora shanu, suka bar gawa tara, har da ƙanensa Nura. Bayan an dawo daga maƙabarta dattawa suka yanke magana: daga yau ƙarfe abu ɗaya yake faɗi, a gudu.

"In na buga shi yanzu," ya ce mata, "mata za su sunkuci ɗiyansu su faɗa cikin dawa. Kuma ran da na buga na gaskiya, wani zai tsaya ya ce ko zaɓe ne."

Ta rufe rajistar.

Rabin garin ya riga ya watse, wasu Isa, wasu sun tsallaka Nijar. Magana kuma ta iso cewa in ba a fito ba bana, za a ɗauke akwatin a haɗa da na Tozai. Wannan ita ke cin Kalilu. A ganinsa, garin da aka ɗauke wa akwati an rubuta shi kufai ke nan, kuma ba wanda ke aika malami ko mai gyaran famfo zuwa kufai. Ya taɓa zuwa Alkalawa, tsohon birnin Gobirawa, yana saurayi, ya ga yadda birni ke komawa gona.

Ya saka takalminsa ya nufi bayan gari. Tun da abin ya faru ba mai zuwa gona shi kaɗai. Gona ɗaya ake taruwa a gama, mutum ɗaya bisa gawo yana duban hanya, kafin la'asar kowa ya koma gida. Ran nan geron Usaini ake yanka, taubashin Kalilu, wanda suka tashi tare.

"Ga wakilin gwamnati nan tahe," in ji Usaini, bai ɗago kai ba. "Shinkafa ka kawo muna ko atamfa?"

"Ƙafafuna na kawo, tsohon banza. Ku tahi ku jefa."

"Mu jefa ma wa? Wane kansila ya zo muna jaje ran da munka rufe Nura?"

Masu yanka suka dakata.

"Babu," in ji Kalilu. "Ni ma ban san sunan masu takarar ba. Ba don su nike kiranku ba. So nike a buɗe akwatin ga can Isa, a ga akwai mutane nan."

"Geron fa? Rana ba ta jiran zaɓe."

"Ku tahi biyar biyar, kowa ya biya gida ya fito da iyali nai. Ba ni wuƙarka. Za ni riƙe layinka har ka dawo."

Usaini ya dube shi sama da ƙasa. "Kai da bakinka ya fi hannunka aiki?" Amma ya miƙa masa wuƙar.

Haka aka wuni. Biyar su tafi, biyar su dawo da tawada a yatsa. Duk wanda zai tafi, Kalilu ya karɓi layinsa. Bayansa ya ƙage, ƙaiƙayi ya cika masa wuya, bai zauna ba sai don sallar azahar. Da Usaini ya dawo sai ya ce ya dangwala wa kowace jam'iyya, kada wata ta ji haushi.

Sai da aka ɗaure damin ƙarshe Kalilu ya koma gindin tsamiya. An riga an ƙirga, an rufe akwati.

"Sittin da uku, Baba," in ji Malama Saudatu. "Ƙuri'a ɗaya ta lalace, amma mai ita na cikin waɗanda sunka fito. Na rubuta sunan garin da hannuna, ba wanda zai ce babu kowa nan." Sai idonta ya kai ga yatsunsa. "Kai fa? Ban ga tawada ba."

Kalilu ya laluba aljihu, ya taɓa katinsa na zaɓe, yana nan inda ya sa shi tun asuba.

"Ba a buɗe shi kuma, ko?"

"Ba a buɗewa, Baba."

"To, sittin da uku ma mutane ne. Ku kama hanya tun da sauran rana, Allah shi kai ku lafiya."

Ya naɗe rawaninsa ya yi gammo, ya ɗora tebur bisa kai, ya nufi makaranta.