Malam Bappayo, Kansilan da Ya Mayar da Kujerar Makka

Haihuwa da asali

A daminar shekarar 1942 Allah Ya kawo Malam Bappayo duniya, a wata ruga da ke yamma da Bukuru, a kan tsaunukan Jos. Mahaifinsa, Jauro Hammadikko, makiyayi ne da iyayensa suka hau dutsen da shanunsu daga ƙasar Bauchi. Mahaifiyarsa kuwa, Inna Dudu, ta yi suna wajen kai nono da man shanu barikokin masu haƙar kuza. Shi ne na uku cikin 'ya'ya bakwai, kuma shi kaɗai daga cikinsu ya zauna a birni.

Karatu

Bai shiga makarantar boko ba, domin duk lokacin da masu ɗaukar yara suka doso rugar sai Jauro ya tura shi kiwo can nesa. Ya yi karatun allo a hannun wani malami da ke bin rugagen yankin, ya sauke Alƙur'ani a 1957, sannan ya taɓa littattafan farko na fiƙihu. A shekarar da ta biyo baya malamin nan ya dawo daga aikin Hajji, ya zauna a ƙofar ɗakinsa yana ba almajiransa labarin Ka'aba da tsayuwar Arfa yana hawaye, kuma tun daga ranar Bappayo ya ƙulla niyyar zuwa Makka, niyyar da ba ta sake shi ba har ƙarshen rayuwarsa. Karatun boko sai daga baya ya same shi, a ajin yaƙi da jahilci, gwargwadon abin da zai karanta takarda ya sa hannu.

Sana'a da aure

A 1964 ya sauko Jos ya kama dillancin shanu a kara. Dillali ne da abokan sana'arsa suka daɗe suna yi wa dariya, saboda in saniya tana tari ko ta taɓa ɓari sai ya faɗa wa mai saye tun ba a tambaye shi ba. Wannan hali ya jawo masa amana mai yawa da riba kaɗan.

A 1968 ya auri Mairama, 'yar aminin mahaifinsa, mace mai faɗin abin da ke ranta ko a gaban wa, kuma ita kaɗai ya aura. A 1976 suka tare a gidan da ya gina a Dutse Uku, inda aka haifi yawancin 'ya'yansu.

Sau biyu ya kusa sauke farali. A 1983 ya ware bijiman da zai sayar ya biya kujera, sai annobar shanu ta share garken cikin 'yan makonni. A 1994 kuma ya sake shiri, sai ƙanensa ya rasu ya bar masa marayu, guzurin ya tafi a kansu. Duk shekara in an fara jigilar maniyyata sai ya ce, "Baɗi, in Allah Ya so," har 'yan kara suka laƙaba masa suna Alhajin Baɗi, shi kuma yana amsawa da murmushin da bai kai ciki ba.

Shiga siyasa

A Disambar 1998, da aka dawo da zaɓen ƙananan hukumomi, dattawan mazaɓar da danginsa suke, makiyaya da manoma baki ɗaya, suka matsa masa ya tsaya takarar kansila, ya kuwa ci. Ƙaramar hukumar tana gefen birnin Jos; ba a ambaci sunanta a nan ba, domin ma'aikatanta na yau ba su da laifin abin da ya wuce. An rantsar da su a 1999, kansiloli goma sha biyu, Musulmi da Kirista, suka zaɓi Mista Alphonsus Badung, tsohon malamin firamare, ya zama jagoran majalisa.

Shugaban ƙaramar hukumar, wanda kowa ke kira ciyaman, shi ne Alhaji Abdulmuhaimin, mutum mai fara'a a bainar jama'a, wanda ya je Makka har shi kansa ya daina ƙirgawa. Bai cika shekara a kan kujera ba halinsa ya bayyana. Ya yanka burtalin shanu ya mai da shi fulotai, makiyaya suka rasa hanyar mashaya, har aka fara zaman doya da manja tsakaninsu da manoman da suka girma tare. Motar ɗaukar marasa lafiya ta koma kai abincin kaji gonarsa. Da sakataren majalisa ya yi magana, sai ya shara masa mari a gaban masinjoji. Mafi muni duka, tankar ruwa ɗaya tilo da ke shayar da ƙauyuka da rani ta ɓace, aka ce ta lalace tana gareji, mata suka koma ɗibar ruwa a tsofaffin ramukan kuza, inda aka yi asarar wata yarinya a ranin 2000.

Tuhuma

A Nuwambar 2000 kansiloli goma cikin goma sha biyu, har da Malam Bappayo, suka gabatar da ƙudurin tsige ciyaman, aka kafa kwamitin bincike. Cikin waɗanda suka ba da shaida akwai Madam Ngozika, mai sayar da abinci a Gada Biyu, wadda ta bayyana cewa tankar da aka ce tana gareji ita ce ke sayar mata da ruwa kullum, an dai sauya mata fenti. "Oga, ni na san motan nan," in ji ta. "Sunan gwamnati yana nan a ƙofa, penti bai rufe shi duka ba." Kwamitin ya tabbatar da zarge-zargen, aka sa ranar Talata, 27 ga Fabrairun 2001, domin kaɗa ƙuri'a. Bisa ƙa'idar majalisar, sai kansiloli takwas sun ɗaga hannu kafin a tsige ciyaman, kuma in wa'adin ya wuce ba a samu adadin ba, maganar ta faɗi.

Kujerar Makka

Ranar ta faɗo daidai da ƙarshen jigilar alhazan shekarar, kuma Alhaji Abdulmuhaimin bai bar wannan dama ta wuce shi ba. Ya ware kujeru uku daga kason ƙaramar hukuma, ya aika wa Musulmi ukun da ke cikin masu neman tsige shi, duka a jirgin da zai tashi kafin zaman. Biyu suka karɓa nan take, suka fara zagayen sallama da dangi. Goma ta koma takwas, kuma na takwas ɗin shi ne Malam Bappayo.

Ciyaman da kansa ya zo Dutse Uku bayan sallar la'asar, ya cire takalmi ya zauna a tabarma, direbansa ya ajiye jakar alhazai da yadin ɗinki a gabansu. "Baffa," in ji shi, "duk garin nan an san burinka. Ni ban ce ka yi mini komai ba. Ka je ka sauke farali, ka sa mu a addu'a." Gaskiyar tarihi ita ce Malam Bappayo bai ce a'a ba. Ya yi godiya, jakar ta kwana a ɗakinsa, kuma iyalinsa sun shaida cewa ya buɗe ta ya rufe ba sau ɗaya ba.

Ya nemi fatawa wajen malamai biyu. Ɗaya ya ce kujerar ta hukuma ce, ba ta ciyaman ba, don haka halal ce. Ɗayan ya ce duk kyautar da ta zo a irin wannan rana ba sai an faɗa wa mutum sunanta ba. Mairama kuwa ba ta ɓoye ra'ayinta ba. "Malam, shekaru sun ja," ta ce. "Ciyaman yau yana nan, gobe wani ne. Kai wa ya ba ka tabbacin baɗi? Tun ina amarya nake jin baɗin nan." Mista Badung ma ya zo, hularsa a hannu. "Oga Bappayo, ni ba zan ce maka kar ka je ba. Wannan tsakanin ka da Allah ne. Amma in ka tafi, magana ya mutu, shi ke nan."

Ranar da motar maniyyata za ta ɗauke su zuwa sansanin alhazai, Malam Bappayo ya yi wanka ya sa fararen kaya, ya ɗauki jakar, har Mairama ta fara yi masa addu'ar tafiya. Sai ya tare ɗan acaɓa ya ce a kai shi sakatariya. Ya shiga ofishin ciyaman, ya ajiye jakar a kan tebur a gaban waɗanda ke wurin, ya ce, "Ranka ya daɗe, ga ajiyarka. Wallahi ina son zuwa fiye da yadda kake zato. Amma ba zan tsaya a gaban Ɗakin Allah da ƙishirwar mutane a wuyana ba." Ciyaman ya yi lallashi, ya yi barazana, daga ƙarshe ya yi zagi, duk bai sa ya sake taɓa jakar ba.

Ranar tsigewa

A ranar Talatar da aka sa, majalisa ta zauna ƙarƙashin tsaron 'yan sanda, jama'a sun cika harabar sakatariya har bakin titi. Aka karanta rahoton kwamiti, Mista Badung ya nemi masu goyon baya su ɗaga hannu, aka ƙirga hannuwa takwas, aka sake ƙirgawa domin kada a bar ƙofar gardama. Da aka leƙo ta taga aka sanar cewa an tsige Alhaji Abdulmuhaimin, mata suka ɗauki guɗa, mutanen da suka yi wata da watanni ba sa gaisawa saboda rigimar burtali suka riƙa musabaha. Wani dattijo ya ce ji ya yi kamar an sauke masa buhun masara daga ka.

Mataimakin ciyaman ya karɓi ragama. Ba waliyyi ba ne, amma cikin wata guda aka dawo da tankar, da sabon fentinta da komai, ta shiga ƙauyuka yara suna bin ta da gudu. Aka cire turakun da aka kafa a burtali, shanu suka koma mashayarsu, motar asibiti ta koma ɗaukar mutane. Tsohon ciyaman ya garzaya kotu, ƙarar ta daɗe tana jan ƙafa har ta mutu, hankalin jama'a ya kwanta.

Shi kuwa Malam Bappayo, ranar Arfa ta shekarar ya shige ɗaki da rediyonsa, yana sauraron talbiyar alhazai yana kuka irin wanda iyalinsa ba su taɓa gani ba. Mairama, wadda ta yi kwanaki tana gaishe shi a taƙaice, ta shiga ta zauna kusa da shi, daga ranar kuma ba ta sake ambatar maganar ba.

Shekarun ƙarshe

Abokan aikinsa biyu suka dawo da haƙoran Makka, aka tarye su da ganga, kowa yana kiransu Alhaji. Hisabinsu yana wurin Wanda suka ziyarci Ɗakinsa. Wa'adin majalisar ya ƙare a 2002, Malam Bappayo bai sake neman kujera ba, kuma cikin duk waɗanda suka yi tafi ranar tsigewa babu wanda ya tuna ya nema masa wata kujerar Makka, abin da ya kamata a rubuta domin a ji kunya. Rikicin Satumbar 2001 ya taɓa kasuwancin kara ƙwarai, jarinsa bai sake miƙewa ba.

A 2006 'ya'yansa suka haɗa ƙarfi domin su biya masa, sai likita ya tabbatar cewa zuciyarsa ta kumbura, ba zai iya tafiyar ba. Da 'yarsa Zakiyya ta tambaye shi ko yana da-na-sani, sai ya ce, "Kwaɗayi dai ina yi, duk shekara. Nadama kuwa, ban taɓa yi ba."

Wafati

Allah Ya yi wa Malam Bappayo Hammadikko rasuwa ranar Alhamis, 15 ga Nuwambar 2007, daidai da watan Zulƙida na shekarar 1428 bayan Hijira, a gidansa da ke Dutse Uku, yana da shekara sittin da biyar. Mai shela ya fara sanar da rasuwar Alhaji Bappayo, domin girmamawa, sai Mairama ta aiko daga cikin gida cewa a gyara. "Malam ne," ta ce. "Bai je ba, kuma garin nan ya san dalili." Aka gyara shelar.

An yi masa sallar jana'iza bayan azahar, aka kai shi makwancinsa a maƙabartar Musulmi ta hanyar Zariya. Mutanen ƙauyukan mazaɓarsa sun zo cikin manyan motoci, Mista Badung da tawagarsa suka tsaya daga gefe, hula a hannu, har aka gama rufe kabari.

Ya rasu ya bar matarsa Mairama da 'ya'ya biyar: Abba, wanda ya gaje shi a kara, Zakiyya, malamar jinya, Halimatussa'adiya, Hammadikko, mai sunan kakansa, da autarsu Dudu, sai jikoki goma sha ɗaya da marayun ƙanensa da ya raina. Bai je Makka ba. Allah Ya karɓi niyyarsa, Ya gafarta masa.