Kwale-kwale a Shingen Babura

Cikin shekarun da na yi ina aikin kwastan, ban taɓa mantawa da wata Laraba a iyakar Babura ba, ranar da kwale-kwale ya zo mana a kan hanya. Lokacin ba a daɗe da komawa naira ba, kuɗin mai sun fara shiga hannun mutane, motoci sun yawaita. Ni kuwa ƙaramin ma'aikaci ne mai igiya ɗaya, aikina ɗaga shinge da cika takardu. Shugabanmu a wurin Sufeto Lawan ne, mutum mai son komai ya bi ƙa'ida.

An gama girbi, gonaki duk sun zama kara. Wajen hantsi na hango wata a-kori-kura tana tahowa daga wajen Kazaure a hankali, tana jan wani dogon abu a kan tirela mai taya biyu. Daga nesa sai na ga kamar abin yana shawagi a kan karan gero. Da ta matso na ga jirgin kamun kifi ne na katako, baƙi wuluk da kwalta, kuma a cikinsa ga wani tsoho zaune ya riƙe filafilin tuƙi a kan cinya, kamar a kan ruwa yake.

Direban ya fito ya yi sallama. Sunansa Malam Sabo, malamin gona ne a Kazaure, tsohon kuwa mahaifinsa ne, Baba Ɗanjuma masunci. Ya ce tun daga gida tsohon ya ƙi zama a gaban mota, wai shi bai taɓa barin jirginsa ya yi tafiya ba shi ba.

Na ce, "Ina kuka nufa da shi?"

Ya ce, "Tafkin Gidimuni, gabas da Damagaram. Can aka haife shi. Tun yana saurayi ya taho nan, bai sake komawa ba. Yanzu yanar ido ta kama shi, likita ya ce in damina ta sake zagayowa da wuya ya riƙa gani. So yake ya yi su a ruwan garinsu ko sau ɗaya, a cikin jirgin da ya sassaƙa da hannunsa."

Ga waɗanda ba su san aikin ba, abin da za a fita da shi a dawo da shi ana yi masa takardar fita ta wucin gadi. Kwafi uku ne, ɗaya namu, ɗaya na mai kaya, ɗaya na duwan, wato takwarorinmu na Nijar. A ciki akwai gurbin lambar abin, da ta inji, da wa'adin dawowa. Motar da tirelar duk suna da lamba. Jirgin Baba ba shi da lamba, ba shi da inji.

Sufeto ya fito ya zagaya jirgin sau biyu, hannu a baya. Ya ce, "Abin da ba shi da lamba ba ya shiga takarda, abin da bai shiga takarda ba kuwa ba ya tsallake shingen nan. Isiyaku, hau ka duba ciki tukuna."

Ni ɗan Gwiwa ne, a tudu na tashi, ban taɓa sa ƙafa a jirgi ba. Da na taka, sai tirelar ta yi lilo, na dafa gefe da sauri. Baba ya yi dariya ya ce, "Zauna, ɗana. Ba a tsayuwa a kan ruwa."

Na zauna. Babu komai ciki sai birgi, wato ragar kamun kifi, a naɗe, da gora, da ƙullin garin rogo. Katakon yana ƙamshin laka da kifi. Tsohon ya juya fuskarsa arewa, idanunsa fari-fari, ya soma ba ni labarin tafkin a hankali. Ya ce da sassafe ruwan yakan yi tururi kamar tukunya, itatuwan dabino suna tsaye a gefe, a ƙarƙashin ruwa kuma ga wasu a kife. Ya ce akwai wani lungu inda bado yake rufe ko'ina, in ka tsai da filafili za ka ji tarwaɗa tana numfashi. Yana magana iska tana kaɗa karan gonakin da ke gefenmu, wallahi har na ji kamar mun tashi daga inda muke. Na manta da shinge, na manta da kakin da ke jikina, sai da Sufeto ya daka mini tsawa.

Na sauko na sara masa na ce, "Ranka ya daɗe, tunda lamba ce babu, ita takardar ai tana da tata lambar a sama. In muka rubuta ta a jikin jirgin da fenti, ya samu lamba ke nan."

Ya ce, "Ba a koya mana haka ba, amma ba a hana ba. Kai za ka sa hannu. Kwana goma sha huɗu. In jirgin nan bai dawo ba, kai za ka amsa takardar tuhuma, igiyar nan taka ma ban ce za ta tsaya ba."

Na ɗauko ragowar farin fentin da muke shafa wa shinge na rubuta lambar a goshin jirgin. Baba ya miƙa hannu ya shafa wurin, fentin ya ɓata masa yatsu, ya sa mini albarka. Na raka su har wurin duwan, su ma suka yi dariyarsu suka buga hatimi. Na tsaya ina kallon jirgin yana lilo a kan yashi har ya ɓace.

Kwanakin nan ban samu natsuwa ba. Masu wucewa suna cewa tun farin da aka yi, tafkuna da yawa a can sun ƙafe. Wani direba ya ce ya ga jirgi a kife a gefen hanya, wani ya ce ƙarya ne. Ran kwana na goma sha huɗu, bayan azahar, sai ga a-kori-kurar. Jirgin yana nan, amma ba kowa a cikinsa. Na yi sauri na tare motar na ce, "Ina Baba?"

Malam Sabo ya ce, "Kwantar da hankalinka, lafiyarsa ƙalau. Ruwan ya ja da baya, amma yana nan. Da muka tura jirgin bai bari kowa ya taɓa filafili ba, shi ya kai mu har lungun badon. Ya sami ƙanwarsa da rai, ya ce shi ya zo gida ke nan, ba zai dawo ba."

Na ce, "To, jirgin fa? Da me zai shiga ruwa?"

Ya ce, "Da safen nan ya rungume shi yana hawaye. Amma ya ce, 'Yaron nan na shinge ya sa hannunsa saboda ni, a mayar masa.'"

Ashe Sufeto yana tsaye bayanmu yana ji. Ya karɓi takardar ya duba lambar jirgin, ya rufe ta da hatimi. Sai ya ce, "Isiyaku, ɗauko takardar fita ta dindindin. Rubuta: kayan sana'ar mai shi, za su bi mai su." Ya dubi Malam Sabo ya ce, "In kana da mai a tanki, juya tun rana ba ta yi sanyi ba."

Nan a gaban shinge ya juya motar. Na ɗaga masa ƙarfe karo na biyu, jirgin ya sake nufar arewa.

Ku da kuke aikin nan yanzu, ga abin da na koya. Ku riƙe ƙa'ida, ita ce ke kare ku, amma ku karanta ta har ƙarshe, don sau da yawa tana da hanyar da ba a nuna muku ba. Kuma kafin ku tambayi mutum abin da ya ɗauko, ku tambaye shi inda za shi da dalilinsa. Yawancin masu zuwa shinge ba gudun doka suke yi ba, gida suke nema.