Kwaɗon Piyar Baba Inuwa

Baba Inuwa mutumin Gembu ne, can saman tsaunin Mambila, amma ni a Riyad na san shi, a unguwar Gubaira, cikin wani ɗaki da ke saman shagon masu gyaran firij. Mu biyar ne a ɗakin. Na iso a shekarar 2014 da bizar direba, shi kuwa a lokacin ya shekara goma sha tara a garin. Siriri ne, ga furfura a gemu, kuma ba ya ɗaga murya ko da an ɓata masa rai.

Aikinsa a kasuwar kayan lambu ta Utaiƙa yake, a rumfar wani dattijon Balarabe wanda shi ne kafilinsa, wato wanda takardar zaman Baba ke ƙarƙashin sunansa. Baba ne mai zaɓe. Idan aka sauke kwalaye, shi zai ware na sayarwa yau, da na gobe, da na zubarwa. Ya san lemo, ya san mangwaro, amma piya ce gwanintarsa. Ba ya latsa ta da yatsa. Sai ya ɗora ta a tafin hannu, ya ɗan rufe hannun a kanta, ya ce, "Wannan jibi." Jibi kuwa za ka same ta ta nuna.

Waɗanda suka yi tabo, kafilin yakan bar masa ya kawo gida. Masu taurin ciki sai ya binne su a buhun shinkafarmu, kamar yadda mahaifiyarsa ke binne su a cikin masara. Issoufou, mutumin Maraɗi mai aikin gini, shi ne ya fi yawan dafa mana abinci, don haka shi ya fi cin karo da su.

"Baba, yau ma shinkafar ta haihu," in ji shi. "'Yan uku."

"Mayar da su, ba su isa yaye ba."

Ranar Juma'a bayan masallaci ne lokacinsa. Zai zauna a kan tabarma, ya sa kwanon silba tsakanin ƙafafunsa. Ya yanka albasa ƙanana ƙanana, ya zuba gishiri a kanta, ya matsa lemon tsami, ya bar ta ta ɗan jiƙa. Sannan tumatir, bayan ya cire 'ya'yan don kada ruwa ya yi yawa. Sannan ɗanyen barkono da kuzbara, wani ganye mai ƙamshi da Larabawa ke sawa a abinci. Piya ce ta ƙarshe. Ya tsaga ta biyu, ya cire ƙwallon, ya kwashe naman da cokali, ya murƙushe da bayan ludayi, amma ba ya bari ta yi laushi sosai. Ya ce dole haƙori ya san ya ci wani abu. A ƙarshe ya barbaɗa yajin da ake aiko masa daga gida. Mu kuwa muna riƙe da kubus, gurasar Larabawa, muna jira. Kafin minti biyar an suɗe kwanon.

Kwaɗon piya yake kiran abin. Yana haɗawa yana ba mu labarin bishiyar da ke tsakar gidansu, wadda kakansa ya shuka. Ya ce da damina hazo kan rufe garin har ba ka ganin ƙofar maƙwabcinka, sai dai ka ji ƙarar piya tana faɗowa a kan kwanon rufi. Ya ce har ruɓewa take yi a ƙasa ba mai ɗauka. Na ji labarin nan ya fi sau hamsin, ban taɓa gajiya ba. Abin da ke ba shi haushi ɗaya ne, yadda ake niƙa piya da madara da zuma a shagunan lemo na Riyad.

"Sun mayar da ita kunu," yakan ce, yana girgiza kai.

Wata Juma'a Dakta Muhyiddeen ya hawo ɗakinmu. Likitan ƙashi ne, mutumin Jos, yakan leƙo 'yan gida idan wani ya ji ciwo. Ranar ya zo duba gwiwar Issoufou ne, ya tarar da mu a kan kwano. Ya gutsiri kubus ya dangwala, ya tauna, ya sake dangwalawa.

"Baba, ai wannan gwakamoli ne. Abincin mutanen Meziko. A manyan otal-otal ake kawo shi a ɗan ƙaramin kwano."

Baba ya dube shi. "Likita, mutanen Meziko sun taɓa zuwa Gembu?"

"Ban sani ba, Baba."

"To ka tambaye su wa ya koya musu."

Daga ranar Issoufou ya sa masa suna Baba Meziko, sunan kuma ya bi shi har masallaci.

A tsakiyar shekarar 2018 kafilin Baba ya ce ya tsufa, zai rufe rumfa. Saura wata uku iƙamar Baba, wato takardar zamansa, ta ƙare. In bai sami wanda zai karɓi kafalarsa ba, sai tafiya gida, tafiyar da ba dawowa. Baba bai shirya ba. Autarsa Jamilatu tana makarantar koyon jinya a Jalingo, saura mata shekara biyu, kuma ya yi wa kansa alkawari ba zai bar aiki ba sai ta gama. Ya zaga kasuwar rumfa rumfa. Kowa ya yaba hannunsa, amma kowa ya ga furfurarsa.

Dakta ne ya kawo shawara. An yi masa haihuwa, za a yi taron suna ranar Asabar a wata istiraha, gidan hutu da ake haya a bayan gari. Mai dafa abincin taron shi ne Alhaji Ghali, Bakano da ke riƙe da kicin na bukukuwa, kuma yana neman ƙarin mutum.

"Ka yi mana kwaɗon nan na mutum ɗari," in ji Dakta. "Abokan aikina Turawa da Larabawa za su zo, sun san shi. In Alhaji ya ga yadda za su yi rububinsa, magana ta ƙare."

Kwana shida Baba yana shiri. Ya zaɓo piya sittin da hannunsa, ya binne su a buhun shinkafa da na wake, har da cikin akwatin kayansa. Kullum da safe sai ya fito da su ɗaya bayan ɗaya, ya ji su a tafin hannu, ya mayar. Ranar Juma'a arba'in da takwas suka nuna. Goma sha biyu suka ƙi, ya bar su a buhu.

Mu duka biyar mun taso ne a inda abincin biki da sassafe ake ɗora shi. Mai kyakkyawan shiri shi ne wanda ya gama kafin baƙi su fara sallama. Don haka da Baba ya ce za mu fara bayan sallar asuba, ba wanda ya ga laifin haka. Issoufou ya yanka albasa yana hawaye yana zagin ta, Baba ya murƙushe piya a babban daro. Ƙarfe takwas ya gama. Abin ya yi kore shar, ƙamshin lemon tsami ya cika ɗakin. Ya rufe da faranti, ya ɗaure da zane. Da za mu fita sai ya koma ya kwaso goma sha biyun nan a leda, ya ce ba ya son barin su su kaɗai.

Ni na kai shi a motar maigidana. Watan Agusta ne, tun hantsi sitiyari ba ya taɓuwa. A istiraha muka tarar firij biyu cike da nama da zoɓo. Wani ma'aikacin Alhaji ya nuna mana kan tebur a lungun kicin, kusa da inda ake soya kaji. Nan muka ajiye daron. Shekara ashirin da uku Baba yana yin kwaɗon nan a Riyad, bai taɓa ganin ya kai minti goma a kwano ba. Ya san piya kan yi duhu in an yanka, amma ya amince da lemon tsaminsa.

Bayan la'asar aka ce a fito da abinci. Baba ya kwance zanen, ya ɗaga farantin, ya tsaya. Saman ya koma ruwan ƙasa kamar taɓon kududdufi, ruwa ya taru a gefe. Ya kwashe saman da ludayi, ƙasan da sauran kore. Ya ɗanɗana, ya rufe ido.

Alhaji Ghali ya leƙo. Mutum ne mai jiki, tawul a kafaɗa, yana magana yana tafiya.

"Malam, mene ne? Kwashe saman, ka ƙara lemo da yaji, ka juya. Yalla, yi sauri, mutane na jira."

"Alhaji, ya yi tsami. Ba tsamin lemo ba ne."

"Wa zai gane?"

"Cikinsu zai gane. Akwai mai jego a gidan nan."

Da kansa ya ɗauki daron ya kai bayan kicin ya zubar. Ya dawo kicin. Ya buɗe ledar nan, ya ɗora piya ɗaya a tafin hannu, sai na ga ya ɗaga kai. Zafin motar da na kicin ya gama abin da shinkafa ta fara. Goma sun nuna.

Ya nemi kwanon silba, ya zauna a ƙasa a bakin ƙofar kicin kamar yadda yake zama a Gubaira. Albasa da gishiri da lemo, tumatir, barkono, sannan piya. Ya raba gida biyu, rabi wajen maza, rabi wajen mata. Na maza bai wuce teburin farko ba. Wani Bature ya zo har kicin da guntun kubus a hannu yana tambayar ko akwai saura. Daga ɓangaren mata aka aiko cewa Hajiya Hansai, mahaifiyar Dakta, wadda tun zuwanta daga Jos ba ta cin abincin kirki, ta cinye nata har ta suɗe kwano, tana tambaya ko mai yin ɗan Mambila ne.

Da aka watse, Alhaji Ghali ya kira Baba gefe. Bai yi masa faɗa ba.

"Malam Inuwa, wallahi hannunka na da daɗi, na ɗanɗana. Amma kai mai ciyar da mutum biyar ne. Ni ɗari biyu nake ciyarwa kowane mako, kuma ba ni da lokacin koyarwa. Ka yi haƙuri."

"Gaskiya ka faɗa, Alhaji. Allah ya sa albarka."

A mota muka kama hanyar gida har muka wuce Utaiƙa. Sai ya ce, "Da na tambayi Likita yadda suke yi a otal ɗin nan. Girman kai ne ya hana ni." Can kuma ya yi 'yar dariya. "Ashe ɗan ƙaramin kwanon da suke kawowa ba rowa ba ce."

A watan Oktoba muka raka shi filin jirgi. Ya bar wa Issoufou kwanon silba da ludayin, ni ya bar mini ragowar yajin. Yanzu yana Gembu, yana tara piyar unguwarsu yana lodawa motocin da ke gangarawa Jalingo da Yola. Aikin bai kai na Riyad ba, Jamilatu sai da ta zauna shekara ɗaya a gida kafin ta koma makaranta, amma ta gama. Ya turo mana hotonta da fararen kaya, tana tsaye ƙarƙashin bishiyar. Bishiyar ba ta kai girman da yake ba mu labari ba.

Har yanzu muna yin kwaɗon ranar Juma'a, na mutum huɗu, kuma ba a tsaga piya sai kowa ya wanke hannu ya zauna. Issoufou ne ke zaɓowa daga kasuwa. Da yatsa yake latsa ta, duk ta yi tabo, babu kuma mai hana shi.