Takwaran Kawu Ɗanlami

Duk wanda ya taɓa fakewa ruwa a rumfar Kawu Ɗanlami, nan bakin hanyar da ke gangarawa kasuwar Mokolo, ya san da abin da zan fara. Da zarar hadari ya yi gurnani sai ya dakata da ɗinkin lemar da ke cinyarsa, ya dubi kwanon rumfa, ya ce, "To, takwara ya fito aiki." Baƙo sai ya kama waige-waige yana neman takwaran. Mu 'yan unguwar Birik kuwa ko kai ba ma ɗagawa.

Ni Hajara 'yar ƙanwarsa ce, a gidansa na tashi, don haka labarin nan na sha shi har ya ginshe ni. Yana saurayi ya yi aikin kuku a Ngaundere, gidan wani likita mutumin Norbej, ƙasar da Kawu ke cewa ƙanƙara ce yashinsu. Wata rana likitan ya tambayi ma'anar sunansa, ya ce masa ai ran Alhamis aka haife shi, shi ne Ɗanlami. Bature ya yi ta dariya. Ya ce su a harshensu Alhamis sunan wani Tor ta ci, gwarzon da kakanninsu suka bauta wa, mai ƙatuwar guduma, wanda suke cewa bugunsa ne tsawa. "Ashe kai takwaransa ne," in ji likita. Shi ke nan fa, an ba mai kaza kai. Kawu ya riƙe wannan takwara har ya yi furfura.

Kun dai san halinsa da maƙo. Mutumin da ya ƙarar da rayuwarsa yana gyaran lema, amma bai taɓa buɗe ɗaya a kansa ba. Ruwan Yawunde na zuba kamar da bakin ƙwarya, za ka gan shi tafe masallaci da baƙar leda a kan hula. Na ce, "Haba Kawu, wallahi kana ba mu kunya a kartiye, duk unguwa na kallonka."

Ya ce, "Ke, kin taɓa ganin mai suya ya zauna yana cinye tsirensa?"

Na ce, "Na gani mana, ga Malam Buba nan maƙwabcinka."

Ya ce, "Shi ya sa har yau bai je Makka ba."

Malam Buba yana ji, yana kuma taunawa.

In ruwa ya tsare masu moto, wato 'yan acaɓa, a rumfarsa, to sun shiga uku, sai sun ji tatsuniya ko suna so ko ba sa so. Wani ya ce masa ai ba a tatsuniya da rana. Ya ce a Norbej akwai watannin da rana ba ta faɗuwa sam, to su a jira yaushe? Wata rana ɗaya daga cikinsu ya nuna masa wani fim a waya, wai ga takwaransa nan. Kawu ya gyara tabarau, ya kalli wani santalelen Bature yana tashi sama, ya mayar da wayar. Ya ce, "Wannan ɗan wasan kwaikwayo ne. Nawa jan gemu gare shi, ga ci kamar gara, kuma awaki biyu ke jan amalankensa. In yunwa ta kama shi ya yanka su ya cinye, ya tara ƙasusuwan a kan fata, gari na wayewa su miƙe da ransu."

Malam Buba ya leƙo daga bayan hayaƙinsa ya ce, "Malam Ɗanlami, don girman Allah ka tambayar mini shi ko na sayarwa ne."

Ranar ne wani mai moto ya tambaye shi, da gaske kuwa, ba da wasa ba, ko akwai wannan Tor ɗin. Kawu ya ajiye allura. Ya ce, "Babu shi, ɗana. Ko da can babu shi. Amma da can akwai masu jin tsoronsa, suna yi masa yanka, suna rantsuwa da shi, in ɗansu ba lafiya shi suke kira. A lokacin, addini ne a wurinsu. Da masu yankan suka ƙare, sai ya koma abin da kaka ke lallashin jika da shi. Likitan da ya ba ni labarin ma coci yake zuwa. Abin da kake bayarwa ka yi dariya ka tashi, wannan tatsuniya ce. Wanda kuwa ke tashinka da asuba cikin sanyi ka taɓa ruwa, shi ne addini." Sai ya ɗauki allurarsa, ya ce wa mutumin ya matsa, yana tare masa haske.

Da a nan abin ya tsaya, da yau dariya kawai za mu yi.

Habibu, ɗansa tilo, ya dawo daga karatun addini da ya tafi. Ba zan ɗora masa abin da bai yi ba, yaro ne mai tsoron Allah, kuma yana son ubansa. Wata la'asar yana rumfar aka yi tsawa, kasuwa kuwa ta kwana biyu ba ciniki, sai Kawu ya ɗaga kai ya ce, "Yauwa takwara, ƙara kaɗan, mutane su tuna da lemominsu." Kowa ya yi dariya ban da Habibu. Fuskarsa ta canza kamar an gaya masa mutuwa.

Ya ce, "Baba, ruwa ka roƙa a wurin wanin Allah."

Kawu ya ce, "Wasa nake, Habibu."

Ya ce, "Ba a wasa da wannan, Baba. Mu je wurin liman ka tuba, ka sabunta shahadarka."

Kawu ya dube shi. Ya ce, "Shahada kam kullum cikinta nake. Amma in tsaya gaban jama'a in ce na dawo Musulunci? Daga ina? Ina na je?"

Mutane suka sake kwashewa da dariya, don sun ɗauka cikin barkwancinsa ne. Ni da na san shi na gane ba wasa yake ba.

Maganar ta je gaban liman. Dattijon ya ce wa Kawu ya bar wannan wasa, ba shi da kyau a bakin tsoho, ya ce wa Habibu ya je ya durƙusa ya gaida ubansa. Kawu ya bi umarnin liman. Tun daga ranar ban sake jin kalmar takwara a bakinsa ba. A yi tsawa har kwano ya girgiza, sai dai ya sunkuyar da kai ya ci gaba da ɗinki, masu moto su dubi juna. Amma kalmar "na tuba" ya ce ba zai faɗe ta ba ko za a yanka shi, don in ya faɗa ya yi wa kansa shaidar zur, ya amsa cewa ya taɓa bauta wa wani. Habibu kuma ya kafe sai ya ji ta. Taurin kan ai gado ne, ba daga sama ya faɗo masa ba.

Ga Tsinga, unguwar da Habibu ke zaune, ga Birik, tafiyar da ko moto ba ta buƙata, amma Habibu ya ɗauke ƙafa. Shinkafa da mai ba su taɓa yankewa ba, matarsa ke kawowa. Kawu ya kan yi godiya, sannan ya leƙa bayanta ko akwai wani tafe. Wannan leƙen shi ke ci mini rai har yanzu.

Da ciwo ya kwantar da shi a daminar nan, na yafa mayafi na tafi Tsinga da niyyar in wanke Habibu tas. Na kuwa fara, ban rage masa komai ba. Sai na ga ƙaton mutum da gemunsa yana hawaye. Ya ce, "Yaya Hajara, wuta nake ji masa tsoro. In na zo na zauna kamar ba komai, a kan haka zai tafi, ni kuma na taya shi." Nan na bar faɗan. Na ce ya dai zo. Ya ce zai je Duwala ya dawo, sannan ya shigo.

Na koma na gaya wa Kawu. Ya sa na ɗauko masa farar rigarsa ta Juma'a, wai kada yaron ya same shi a yamutse. Ya kwana biyu a cikinta. Rannan bayan azahar ya kira ni, muryar ta yi ƙasa sosai, ya ce, "Hajara, in bai same ni ba ki gaya masa. Shi wancan na san ba ya ji, shi ya sa nake wasa da shi. Masu ji nake kira da gaske. Allah nake kira, sai Habibu." Daga nan bai ƙara wata magana ba sai salati, kafin la'asar ya cika.

Habibu ya iso ana haɗa ruwan wanka. Shi ya wanke ubansa da hannunsa. Da ya fito ya tsaya a bakin ƙofar ɗakina, bai iya dubana ba, ya ce, "Yaya, ya bar mini magana?" Na so in ɓoye, wallahi na so, amma amana ce. Na faɗa masa yadda aka faɗa mini, ban ƙara ba ban rage ba. Ya dafa bango ya sulale ƙasa.

Liman ya ce Habibu ne zai ja sallar. Mu mata muna tsakar gida muna jiyo su daga ƙofar gida. Kabbarar farko ta fita, ta biyu ta fita da ƙyar, a ta uku muryarsa ta karye, a haka ya ƙarasa.

Allah, Kai ne Mai ji, Ka kuma san wanda bawanKa Ɗanlami yake kira da asuba. Ka yafe masa wasan bakinsa, Ka yalwata masa kabarinsa, Ka sa ya huta. Habibu kuma Ka sanyaya masa zuciya, Ka haɗa shi da ubansa a inda za su gaisa. Amin.