Sunan da ya faɗo ranar Talata

Sallar asuba ma a gurguje muka yi ta, muka fita daga Saint-Denis, unguwarmu da ke gefen Paris, ni da maigidana da wata ƙawata. Suna za mu. Yayata ce ta haihu. Ba ciki ɗaya muka fito ba, amma ita ta riƙe ni a ɗakinta lokacin da na zo karatu daga Zinder. Bara suka koma wani ƙaramin gari a bayan Lyon, kuma tun da aka sa gidan da ke jikin nasu a haya take damuna a waya mu zo mu kama. Na ce sai na gani da idona.

Metiro, jirgin ƙarƙashin ƙasa, layi na goma sha uku yana nan yadda kuka san shi, numfashi ma sai da dabara. A jirgin Lyon maigida ya sayi kofi, da ya ji kuɗin sai ya riƙa kurɓarsa kamar magani. Daga Lyon muka hau ƙaramin jirgi, mu kaɗai a tarago. Wanda muka yi kiciɓis da shi kuwa, mai zuwa Lyon, maƙil yake, har da na tsaye. Ashe mutanen garin ne kakaf suka fito aiki.

Gari ya yi kyau, ba ƙarya. Titi fes, makaranta kusa, kowane gida da lambunsa. Babban ɗan Yaya da ke fama da ciwon ƙirji a Paris ya yi ɓul-ɓul. Amma jama'a, ina mutane? Tagogi a rufe. Daga tasha har gida tsofaffi kawai muka gani da karnukansu. Masu jini a jika kwana kaɗai suke yi a garin. Ba masallaci, ba mahaucin Musulmi, ragon ma a Lyon aka yanka.

Kwana bakwai ya cika ranar Talata, Malam mijin Yaya kuma ya ce ba zai ɗaga ba. Da a Saint-Denis ne, masu aikin dare a kasuwar Rungis da matan benenmu sun cika ɗaki tun hantsi. Yaya, da ɗanyen jego, ta dafa shinkafa ta taron da ta saba. Liman ya zo daga Lyon, ya raɗa suna, ya duba agogo, ya koma. Mu ne taron.

Na zuba nama a faranti na bi maƙwabta. Ina danna ƙararrawa gida bayan gida, shiru. Daga ƙarshe wata tsohuwa ta buɗe. Ta karɓa da fara'a, ta ce ita ba ta ma san akwai mai ciki a layin ba. Wallahi sai da na ji hawaye.

Bayan azahar Yaya ta ja ni gidan hayar, tana tafiya a hankali. Ɗakuna manya, haya ba ta kai ta ɗan akurkinmu ba. Maigida har ya fara auna falo da ido.

"Kin ga wannan shingen?" in ji Yaya. "In kin zo sai mu cire shi."

Da za mu tafi, ta rako mu tasha. Sai da jirgi ya doso na ce, "Yaya, ba zan iya ba."

"Na sani tun da kika dawo daga rabon nama," ta ce. "Ba komai. Ku gaida gida."

Da ta yi mini faɗa da ya fi mini sauƙi.

Wajen isha'i muka iso Saint-Denis. Lif ɗin hawa bene ya lalace, yara na tsere a matakala, matar ƙasa na kiran ta sama ta taga. Na koyi cewa wurin da ya gyara ƙirjin yaro yana iya ƙuntata na uwarsa, kuma ni ba ni da ƙarfin zuciyar Yaya. Ina baƙin cikin haka.

Ina buɗe ƙofa Yaya ta kira a waya ta ji ko mun sauka lafiya. Na ce bari in shiga ciki, hayaniya ta yi yawa.

Ta ce, "A'a, tsaya nan. Bar ni in ɗan ji."