Wuyan babur ɗin Baba

Da Baba ya rasu aka raba gona, aka raba ɗakuna, babur ɗinsa ne kawai aka rasa yadda za a yi da shi. Kawunmu ya yanke cewa ni da yayana mu riƙa karɓa-karɓa, shi Asabar zuwa Talata, ni Laraba zuwa Juma'a. Ranar kasuwar Jibiya ta faɗa cikin kwanakinsa. Abin ya tsaya mini a rai.

Uwarmu ɗaya ubanmu ɗaya, sai dai tun muna ƙanana jininmu bai haɗu ba. Ya ba ni shekara tara, kuma bai taɓa ganin na yi abu daidai ba. Shi kaya yake ɗauka, buhun masara uku a baya, daga inda manyan motoci ke saukewa a bakin iyaka zuwa cikin gari. Ni mutane nake ɗauka, galibi 'yan kasuwar Maraɗi da suka tsallako suna sauri.

Babur ɗin ya tsufa, kuma ciwonsa a wuya yake, wurin da kan ke juyawa. A ciki akwai ƙwayoyin boris a jere, sama da ƙasa, da noti guda da ke riƙe su. In notin ya saki, kana taka birki za ka ji ƙas a hannunka. In an matse shi da yawa, kan ya yi tauri. Yaya ya fi son sa a matse, don in kaya suka yi nauyi a baya gaban na rawa. Ni kuwa ina ratsa tsakanin manyan motoci da amalanke, kai mai sauƙin juyawa nake so. Duk Laraba da safe sai in sa guduma da guntun ƙarfe in sassauta shi. Duk Asabar sai ya mayar, har ya ƙara. Mun fi shekara muna haka, ba wanda ya taɓa ɗaga wa ɗan'uwansa maganar.

Wata Laraba na makara, ban taɓa notin ba na fita. A Magama na ɗauki wata dattijuwa 'yar Maraɗi, ta rungume jarkar man gyaɗa a cinya. Ba mu yi nisa ba wata babbar mota ta yo baya ba zato. Na ja kan zan kauce, ya ƙi, ya cije a tsakiya. Muka zube cikin rairayi. Salansa ta ƙona mini ƙwauri, jarkar ta fashe, man ya malale. Matar ta tashi tana riƙe da gwiwar hannu, ba irin zagin da ba ta yi mini ba. Ni ma zagi nake a zuci, sai dai ba ita nake zagi ba.

Na tura babur ɗin zuwa gindin wata darbejiya, inda wani tsohon makanike ɗan Maraɗi yake da rumfa, na aika a kira Yaya. Ya zo da garin masara a kafaɗar rigarsa. Bai kalli ƙafata ba, tankin ya fara shafawa yana duba inda ya lotsa.

Tsohon ya ɗora babur ɗin kan kututture, ya kwance kan. Ƙwayoyin suka zubo a tafin hannunsa, wasu sun fashe, giris ɗin ya bushe ya zama baƙar ƙasa. Ya goge zoben da suke gudu a kai, ya miƙo mana. Duk ramuka ne ƙanana a jere.

"Wa ke ɗamre wannan noti?" in ji shi.

"Ni ne," in ji Yaya. "Wannan ke kwance shi."

"To ku biyu kuka kashe shi. Kai ka matse har ƙwaya ta haƙa rami. Shi kuma ya saki har tana dukan zobe kamar taɓarya. Ba wanda ya tuna ya sa mashi giris."

Ya sa sabon zobe, ya cika shi da giris, ya jera ƙwayoyin ɗaya bayan ɗaya. Sai ya riƙa matse notin kaɗan-kaɗan, yana kama ƙafafun gaba yana jijjigawa, har ƙarar ta ɓace. Ya tura kan da yatsa guda, ya sulale gefe a hankali. Ya ce iyakarsa ke nan, kada wanda ya sake kai masa guduma.

Da a nan maganar ta tsaya da an huta. Amma mutane sun taru, direbobi da 'yan dako, Yaya kuwa ba ya son a raba masa laifi da ni a gaban jama'a.

"Mi ka sani a babur?" ya ce da ni. "Baba yana raye bai taɓa ba ka makulli ba. Ya san hannunka ɓarna ne."

Gaskiya ce, shi ya sa ta yi mini zafi fiye da ƙunar.

Na ce, "Kai da ya ba makullin, ina kake ranar da yake neman mai kai shi asibiti? Kana bakin iyaka kana jidar masara, Yaya. A amalanke muka kai shi."

Tsohon ya sunkuya yana tattara sifanoninsa. Yaya ya daɗe yana kallona, sannan ya ciro nasa makullin daga aljihu ya yar a ƙasa, ya juya ya tafi.

Inna ta kira mu sau biyu. Na ba shi haƙuri a gabanta, ya ce ya ji. Kawu ya ce masa ya koma ya karɓi kwanakinsa, Yaya ya ce ya bar wa mai tausayin uba. Bai ƙara hawa babur ɗin ba. Ya samu kura ta haya yana turawa, shi da ya haura hamsin.

Har yanzu ni ke hawan babur ɗin. Bayan kowace damina ina kwance wuyan da kaina in wanke da kananzir, in sa giris, in matse yadda tsohon ya nuna. Kusan kullum muna haɗuwa da Yaya a hanyar iyaka, in gaishe shi ya amsa a taƙaice. Kwanakin baya na tarar tayar kurarsa ta nutse cikin rairayi, buhuna biyar a kai. Ina ɗauke da fasinja, amma na tsaya na sauka, na sa kafaɗa zan tura.

"Matsa," in ji shi. "Fasinjanka na jira."

Na matsa, na hau babur na ja. Ta madubi na hango wasu 'yan dako biyu sun zo sun kama masa.